Gahawa Ba Sukari

Na karanta saƙonninku duka, 'yan'uwa, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min cewa girman kai ne zai tsufar da ni a ɗakin uwata. Na gode, Allah ya saka. Yau ki gyara zama ki ji abin da girman kan nawa ya hana ni haɗiyewa, sannan ki sake rubutowa.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Belkisa. Ni ke riƙe da kantin maganin da ke bakin tsohuwar gada a garinmu, can ƙasa da Travnik. Na yi karatun harhaɗa magunguna a Sarajevo, na dawo da farar riga mai sunana a ƙirji, mutane suka koma kirana Magistra, yadda ake kiran mai harhaɗa magani a wajenmu. Kada ku ɗauka sunan nan daɗi ne zalla. Rabin garin nan na san abin da suke ɓoyewa ƙarƙashin tufafinsu. Mutumin da ya sunkuyo ya raɗa min matsalarsa a kanti, idan muka haɗu a gidan biki sai ya ɗauke kai kamar ni na jawo masa. Matan da na tura asibiti suka warke, su ne ke zama suna cewa, yarinyar da ba ta yi aure ba ina ta san waɗannan abubuwan? Na ji, na shanye. Ban taɓa buɗe baki a kan kowa ba, ko ga Mama.

Shi kuwa Elvedin, ɗan Teta Zumreta ne (Teta muke kiran babbar mace, kamar a ce Inna), shi kaɗai Allah ya ba ta. Yana da motocin dakon kaya a Graz, can Ostiriya. Duk watan Agusta yake dawowa tare da sauran 'yan ƙasar waje, su cika mana titi ɗaya tilo da muke da shi da baƙaƙen motoci masu lambar waje, su hau su sauka, su sake hawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya fara shiga raina. Yana da ban dariya, yana durƙusawa ya gaida mahaifina Hamdija, da nake kira Babo, kuma bai taɓa ce min in bar aiki ba. Har an tsayar da magana cewa ranar Lahadi danginsa za su zo neman aurena.

To, ana saura kwana kaɗan, da rana tsaka, zafi ya hana kowa fitowa, sai ga Teta Zumreta ta turo ƙofar kanti. Ɗankwalin siliki ruwan toka, awarwaron zinare har gwiwar hannu, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Ta tsaya tana duba man shafawa har wani tsoho da ya zo karɓar maganin hawan jini ya fita, sannan ta matso.

"Amaryarmu! Farar rigar nan ta karɓe ki, kamar babbar likita."

"Sannu da zuwa, Teta. Ƙafar ce ta motsa?"

"Ƙafata lafiya lau. Kafson nan nake so, mai ƙarfin nan, ja da rawaya. Kwali biyu."

"Ina takardar likita?"

Ta yi dariya har awarwaronta suka yi ƙara. "Ji min yarinya! Takarda tsakanina da ke? Wanda ya riƙe kantin nan kafin ke, da ido kawai nake yi masa magana."

"Shi ya sa yanzu rabin magungunan ba sa ci, Teta. Na wane ne?"

Ta waiga ƙofa, ta kwantar da murya. "Ɗan maƙwabciyata ne. Kin san yaran yanzu ba sa jin magana. Ya je wanka kogi, ya yini da jiƙaƙƙen wando a jikinsa, ya kuma zauna a kan siminti. Mara ta kumbura, fitsari kamar wuta."

Jiƙaƙƙen wando. Wallahi a garin nan babu laifin da ba a ɗora wa jiƙaƙƙen wando da siminti ba. Da za a gurfanar da su gaban alƙali, da sun fi kowa shekaru a gidan yari.

Na ce, "Akwai abin da ke fitowa ban da fitsarin?"

"Wani abu-abu haka, rawaya-rawaya, mai kauri. Ni ma a gajerun wandunansa na gani da zan zuba wanki, na ce masa kai Elv..."

Ta datse bakinta.

'Yan'uwa, wa ke wanke wa ɗan maƙwabciya gajeren wando? Ƙato mai gemu, mai direbobi a ƙarƙashinsa, uwarsa ce ke ɗaga wandonsa ga haske tana dubawa, sannan ta yafa ɗankwali ta zo wurin matar da zai aura ta sayo masa magani.

"Ba zan bayar ba, Teta. Abin da kika kwatanta ya fi kama da ciwon sanyi, irin wanda ake ɗauka a shimfiɗa. Ni ba na yanke hukunci ba tare da gwaji ba, kuma kafson da kike nema ba ya kashe shi, lafar da shi kawai yake yi. Ki ce wa mai ciwon ya zo da kansa in faɗa masa inda zai je."

Ta yi min kallon sama da ƙasa. "Ke da za ki shigo gidanmu?"

"Shi ya sa ma."

Ta ja jakarta ta fita, ta bar min turarenta ina shaƙa har yamma.

Ko rufe kanti ban yi ba wayata ta fara haske. Saƙonninsa ne a Viber, suna shigowa a jere.

"Zinariyata, me kika yi wa tsohuwa ta dawo tana huci?"

"Kin san ta da shirme, ni ban aike ta ba."

"To na aike ta. Amma ba yadda kike zato ba ne."

Sai hoton zuciya ja, sai na fure, sai na wata mage tana kuka.

Na rubuta masa: "Ka zo kanti gobe. Kai kaɗai." Na kife wayar.

Washegari bayan sallar Juma'a ya zo, cikin farar riga mai gajeren hannu, gashi ya sha mai, tabarau a saman goshi, makullin mota yana juyawa a yatsa. Na shigar da shi ɗan ɗakin da nake auna wa tsofaffi jini, na ja ƙofa. A ɗakin nan na sha zama da maza suna kuka. Wani ya taɓa riƙe gefen rigata yana cewa da wane ido zai kalli matarsa. Irin waɗannan ban taɓa jin ƙyamarsu ba, Allah shi ne shaida. Ciwo ciwo ne, kowa yana iya faɗawa. Na shiga ɗakin nan ina roƙon Allah ya sa Elvedin ya sunkuyar da kai ko sau ɗaya.

Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, Magistra, a yi min faɗan in tafi."

"Tun yaushe ya fara?"

"Kwana kaɗan. Ba wani abu ba ne, na saba. Kafso biyu safe, biyu yamma, ya wuce."

"Ka saba?"

"Haba Belkisa, kin san aikinmu. Hanya ce, daga nan zuwa Hamburg, mutum ba dutse ba ne. A can likitocinsu sun cika tambaya, da wa da wa, yaushe, ina. Shi ya sa nake bari sai na zo gida."

Nake bari sai na zo gida. Kamar mai maganar aski.

Na yi masa magana kamar yadda zan yi wa kowa. Na ce zai je asibiti a Zenica inda ba wanda ya san shi, a ɗauki gwaji, har da na jini, don ciwon nan ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Na ce allura ce maganinsa yanzu, kafson da yake sha a ɓoye shi ya ƙara wa ƙwayar cutar taurin kai. Na ce babu kusantar kowace mace sai likita ya sallame shi, bayan haka kuma ga kwaroron roba can a kan kanta, ba a tambayar takarda. Yana ta gyaɗa kai yana kallon agogonsa.

Na ce, "Kwali biyu mahaifiyarka ta nema. Ɗayan na wane ne?"

Ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya. "Wata ce a can. Tana dafa wa direbobina abinci. Ba wata magana ba ce mai tsawo, na riga na sallame ta a raina. Kawai ina so in na koma in ba ta, kada ta sake mayar min."

"Ta sani?"

"Ta san me? Ita ba ta jin komai a jikinta. Sai in ɓare kwalin in ce mata maganin ƙarin jini ne."

Na ce, "Elvedin, mace takan ɗauki ciwon nan ba ta ji komai ba, yana ciki yana cin ta, har ya toshe mata hanyar haihuwa. Dole ta sani, dole a gwada ta. In kunya kake ji, ba ni lambarta, ni zan kira ta. Ba zan faɗi sunanka ba."

"Ki kira ta ki ce me? Ke wai ba kya kishi ne?" Ya bushe da dariya, ya miƙo hannu zai kama nawa. Na janye.

Da ya ga ba wasa a fuskata, sai ya gyara zama ya sassauta murya, irin muryar da yake yi min a bakin kogi.

"Duba, zinariyata. Na san ba za ki faɗa wa kowa ba, kun yi rantsuwa a makaranta, ko ba haka ba? Ita tsohuwa abin da ta hango ke nan tun farko. Ta ce min, ka bar 'yan matan nan masu surutu, ka nemi 'yar Hamdija. Ga ilimi, ga magani a gida, ga baki a kulle. Wa ya fi mu dace?"

Kun ji. Ni ina can ina zaton karatuna ne ya burge su. Ashe kabad ɗin magani suke nema mai ƙafa biyu, wanda zai dafa abinci, ya haifi 'ya'ya, duk watan Agusta kuma ya buɗe kansa a ɗauki kafso.

Na buɗe masa ƙofa. Bayan ya fita na wanke hannuna da sabulu har sau nawa ban sani ba, alhali ko taɓa ni bai yi ba.

A gida kuwa biki ake tun kafin biki. Babo ya sake wa shingen gida fenti kore. Mama ta wanke labule, ta fitar da shimfiɗar tebur mai saƙar hannu da ba a taɓa bari mu ci abinci a kanta ba, ta jera faranti biyu na baklava, kayan zaƙinmu mai kama da alkaki, a kan firji ta rufe da tsumma, tukunyar sarma, naman da aka naɗe a ganyen kabeji, tana jiran wuta. Rigata tana rataye a ƙofar ɗakina, doguwa, launin zaitun, da ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu. Har Sarajevo Mama ta je ta zaɓo ta.

Ranar Asabar da hantsi tana durƙushe tana kama min bakin rigar da allurai a leɓenta, na ce, "Mama, ba na son auren nan."

Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya. "Me kika ce?"

"Ba na son sa."

"Makon jiya wa ke dariya a waya har ina jiyowa daga kicin? Aljana ce?"

"Na canza ra'ayi."

"Ra'ayi! An kai ki Sarajevo kin koyo ra'ayi. Me ya yi miki? Ya zage ki? Yana shan giya? Yana da mata a can?"

Na sunkuya ina gyara bakin rigar.

"Ki ba ni dalili ɗaya, Belkisa, ɗaya tak, in je da kaina in ce wa Zumreta kada su zo."

Dalilin yana bakina, 'yan'uwa, har ina jin nauyinsa a kan harshena. Kalma uku sun isa. Amma in na faɗa wa Mama, kafin la'asar ƙanwarta ta ji, kafin magariba garin ya ji. Daga ranar kuma babu yarinyar da za ta sake sunkuyowa ta raɗa min komai. Za su koma saye a ɓoye, su sha abin da bai dace ba, su ruɓe a tsaye. Elvedin bai cancanci shiruna ba ko kaɗan, amma a ɗakin awo ya faɗa min, ba a bakin kogi ba.

"Ba ni da abin da zan faɗa, Mama."

Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Duk sa'o'inki suna da 'ya'ya a makaranta. Ni kullum a gidan bikin wasu nake, ina murmushi kamar wawuya, ana tambayata yaushe ne namu. Kin tsaya kina ƙirga ƙwayoyi har fuskarki ta fara kama da su. Gobe za ki sa rigar nan, ki fito, ki yi murmushi. In kin kunyata ubanki a gaban mutane, ki nemi wata uwar."

Ta fita ta bar ni tsaye, bakin riga rabi a kame rabi a sake.

Can da yamma saƙonsa ya shigo. Hoto ne, wai na auduga da filasta a saman ɗuwawunsa, ya ja wando ƙasa kaɗan ya ɗauka a madubin mota.

"Na je Zenica, an tsira min allurarki. Kin gamsu? Saboda ke fa na yi."

Na ji daɗi da ya je, wannan kam aikina ne. Na rubuta: "Madalla. Ka koma ka karɓi sakamakon jinin. Ita fa?"

Ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye, har guda uku. "Ke dai ki cika sukari gobe."

Da a ce ya rubuto cewa ya kira ta, wallahi ban san abin da zan yi ba, wataƙila da na yi rauni. Ya hutar da ni.

A gidanmu har yanzu tsohuwar al'ada ake bi. Ba a tambayar yarinya a gaban maza ko ta yarda. Ita za ta dafa gahawar baƙi da hannunta, in ta zuba sukari a buta ta amince, in ta kawo da ɗaci sai baƙi su ajiye finjali, su yi godiya, su tashi, ba wanda ya ji kunyar wani.

Lahadi bayan azahar suka iso, shi da Teta Zumreta da kawunsa, wani dattijo mai jar hula da sanda, wanda shi zai yi magana tunda mahaifin Elvedin ya rasu. Furanni cike da hannu, kwalin cakulan ɗaure da jan ƙyalle. Elvedin cikin kwat ruwan bula, ya zauna a kujerar falo a karkace, ɓangare ɗaya bai taɓa kujera sosai ba. Ni kaɗai na san dalili.

A kicin Mama ta tura min gwangwanin sukari ba tare da ta kalle ni ba. "Ki zuba da yawa, kada su ce mun yi rowa." Ta koma wurin baƙi.

Na ɗora butar tagulla a wuta, na zuba garin gahawa, na jira kumfa ya taso. Na ɗauki gwangwanin sukarin na mayar da shi can saman kanta, bayan kwalbar gishiri. Na jera finjalai a tire, na gyara wuyan rigata, na fita.

Na fara miƙa wa kawun, sannan Teta Zumreta, sannan shi, sannan iyayena. Na koma bakin ƙofa na tsaya da tire a ƙirji, kamar yadda ake yi.

Elvedin ya kurɓa. Na ga maƙogwaronsa ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli uwarsa, sai ya kafa kai ya shanye har ƙasa, ya lashe leɓe.

"Kai! Zuma ce wannan."

Teta Zumreta ta kurɓa, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Masha Allah, amaryarmu, hannunki akwai zaƙi."

Kawun ya ɗanɗana, ya kalli cikin finjalinsa, ya kalli 'yar'uwarsa, ya yi tari, ya ce, "To... Alhamdulillahi."

Na juya ga Mama. Ta kurɓa, jini ya bar fuskarta. Ta daɗe tana kallon shimfiɗar teburinta mai saƙar hannu, sannan ta ce da wata siririyar murya, "Ta iya gahawa tun tana ƙarama."

Ban taɓa tunanin wannan ba, 'yan'uwa. Manya huɗu, da alwala a jikinsu, suna shan ɗaci suna cewa zuma. Har Elvedin ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da ɗan akwatin zobe.

Saura Babo. Shi ba ya shan abu da zafi, yana ta hura nasa tun ɗazu. Ya kai baki a hankali, ya kurɓa, ya riƙe a bakinsa. Ya sake kurɓa. Ya ajiye finjalin a kan tebur ba tare da ya yi ƙara ba.

"Belkisa, ɗana." Haka yake kirana, ko da yake mace ce ni, idan magana ta kai zuci. "Ke kika dafa wannan?"

"Ni ce, Babo."

"Mantawa kika yi da sukarin?"

Ƙofa ya buɗe min, in na so in bi ta in fita lafiya. Mama ta kafe ni da ido. Teta Zumreta tana murmushi tana gyaɗa min kai kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Ban manta ba, Babo."



Babo ya shafa gwiwoyinsa, ya dubi kawun. "Alhaji, kun sha hanya, mun gode da karamci. Nawa finjalin dai da ɗaci. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Haba Hamdija!" in ji Teta Zumreta. "Ƙuruciya ce. A tambaye ta mana, me yaron nan ya yi mata? Ta faɗa a nan, gaban kowa." Ta juyo gare ni, idonta yana sheƙi, don ta san ba zan faɗa ba.

"Ban tambaye ta ba," in ji Babo, "kuma ba a gabanku zan tambaye ta ba."

Kawun ne ya fara dafa sandarsa ya miƙe, da alama shi ya fi kowa samun sauƙi. Elvedin ya mayar da akwatin aljihu, ya wuce ni ko kallo babu, yana ɗan ɗingishi.

Na riga su zuwa bakin ƙofa na durƙusa na juya musu takalma suna kallon waje, don ba za a ce 'yar Hamdija ba ta da tarbiyya ba. Teta Zumreta ta sunkuyo kamar tana gyara diddigen takalminta, turarenta ya rufe ni, ta sa bakinta dab da kunnena.

"Kin yi wa kanki. Kafin jibi duk garin nan zai ji cewa ke kika sa masa ciwon, shi ya sa ya fasa."

Na ɗago na kalle ta, na yi mata murmushin da nake yi wa masu sayen maganin basir.

"Ni dai bakina a kulle yake, Teta, ke ma kin shaida. In kina so gari ya san abin da ke wandon ɗanki, sai dai ki faɗa da naki bakin."

Ta fita tana taka bayan takalmi ɗaya, ko tsayawa sa shi daidai ba ta yi ba.

Da na koma falo Mama tana zaune inda na bar ta, ga baklava ba wanda ya taɓa. Babo ya nuna min kujerar da ke gabansa.

"Yanzu baƙi sun tafi, ɗana. Na tsaya miki ban san a kan me na tsaya ba. Faɗa min."

Wannan ya fi duk abin da ya wuce ciwo. Mutumin da ya sallami baƙinsa saboda ni, yana kallona da idanun nan nasa masu laushi, yana jira.

"Ba na son sa, Babo. Wannan kaɗai ne nawa da zan iya ba ka. Sauran ba nawa ba ne."

Ya jawo finjalinsa da ya huce, ya shanye sauran, ya yamutsa fuska.

Bai kai ga cewa komai ba wayar Mama ta ɗauki ƙara a kan tebur. Na hango sunan, matar mai gidan burodi ce, wadda duk labarin da ya shiga kunnenta da safe ya gama gari kafin burodinta ya huce. Ko ƙarar motarsu ba ta gama ɓacewa daga layinmu ba.

Mama ta ɗauka. Ta ce, "Na'am." Ta saurara. A hankali ta ɗago kai, ta zuba min ido, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Na gyara zama cikin rigata launin zaitun, na ɗora hannuwana a cinya, na jira ta gama.